Mun Bar Miki Giɓinki, Kinasih

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran Kinasih, 'yar Bu Marsiyem mai sayar da tempe, abincin nan na waken soya, a wani asibiti a birnin Semarang, bayan doguwar jinyar ciwon daji. Shekarunta arba'in da uku. Ta bar uwa, ta bar miji, ta kuma bar fim guda ɗaya wanda sau ɗaya tak aka haska shi a ƙauyen da aka yi shi, ko ƙarshensa ba a kai ba.

Kinasih, ni ce Ponirah, wadda kike kira Mbah, wato kaka, tun bakinki bai iya faɗin sunan uwarki ba. Abokan aikinki na birni suka aiko in rubuta wani abu a kanki. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma zan yi. Da farko dai ki sani kin yi mini rashin kunya, Nduk, yarinyata. Ke ya kamata ki yi wannan rubutu a kaina. Tun kina ƙarama haka kike, ba kya jiran manya su fara sa hannu a kwano.

Labarin ya same ni da hantsi ina tsince duwatsun shinkafa, Hafsa 'yar jikana tana bayana tana cire mini furfura. Ubanta ne ya shigo da shi. Kin san shi, Wahyudi, wanda na raina tun da uwarsa ta rasu, wanda yanzu ba ya amsawa sai an ce Abu Hafsa. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya yi miki addu'a yadda ya kamata, sannan ya ce, "Mbah, na san abin da ke ranki. Idan kika ɗaga taɓarya ranar bakwai, zan kwashe matata Salamah da Hafsa mu koma unguwar malaminmu a bayan birni. 'Yata ba za ta tashi a gidan da ake wannan ba."

Na ce, "Le, yarona, gawa ba ta iso ba har ka fara rabon gado?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wuta nake ji miki tsoro, Mbah." Kuma da gaske yake, shi ya sa maganar ta yi mini nauyi. Hafsa a ɗakina take kwana. Ƙafarta a kan cikina nake barci.

Abokanki ba su san abin da yake nufi ba, bari in faɗa musu a taƙaice. Muna da dogon turmi na itacen nangka, kamar kwale-kwale, na gada daga surukata. Tun da injin casa ya zo ba a daka shinkafa a cikinsa, lugude kawai muke yi. Mu biyar ne, kowacce da taɓaryarta, kowacce da bugunta, kuma bugun mace ɗaya ba kiɗa ba ne sai ya shiga tsakanin na sauran. Akwai luguden kiran gayya, wanda idan mata suka ji sun san wani gida na da biki, sai kowacce ta ɗauki wuƙarta da shinkafa da kwakwa ta tafi taya girki. Akwai kuma na giɓi. Idan ɗayanmu ta rasu, ranar bakwai sauran sukan yi lugude su bar wurin bugunta fayau, kowa ya ji inda take. Wannan ne Wahyudi yake hana ni.

Na tuna ranar da kika dawo ƙauye da kyamara da wata sandar ɗaukar murya mai gashi a kai kamar wutsiyar kyanwa. Kika ce za ki yi fim a kan matan garinmu. Yu Tukinah, yayarmu a lugude, ta ruga gida ta shafo hoda har ta yi kama da wainar shinkafa. Tagwayen cikinmu, Paikem da Painah, suka yi faɗa a kan wace ce ta fi kyau ta gefen hagu, alhali fuskarsu ɗaya. Ni kuwa na ce idan akwai tsohon da matarsa ta mutu a cikin masu kallo, mai haƙora ko da huɗu ne, ki ba shi kwatancen gidana. Kika yi dariya, kika ajiye kyamarar a jaka, ba ki ciro ta ba sai da wata ya zagayo. Albasa kika yi ta yanka tare da mu. Kika bi mu gona, tsutsar ruwa ta sha jininki. Sai da muka manta ke baƙuwa ce sannan kika fara ɗauka.

A lokacin abubuwa sun riga sun fara sauyawa. Mu musulmi ne tun kafin a haifi kakannin waɗannan yara. Tsohon limaminmu da ya koya mana Fatiha bai taɓa ce mana komai ba sai abu ɗaya, idan an kira salla a ajiye taɓarya, kuma ba mu taɓa saɓawa ba. Sai aka gina sabon masallaci a bakin hanya, da lasifika huɗu, ɗaya tana kallon tagata. Daga nan muka ji cewa sadakar bakwai bidi'a ce, zuba fure a kabarin iyaye shirka ne, muryar mace al'aura ce. Mai kwalliyar amare ta rufe akwatinta ta koma sayar da fetur a kwalba. A taron gari aka rataye labule, muka koma bayansa, daga baya aka ce ba sai mun zo ba, mazajenmu za su faɗa mana. Ni da mijina ya shekara ashirin a ƙasa, na tambaya ko in je maƙabarta in ji abin da aka yanke.

Duk wannan kin ɗauka. Amma abin da nake so abokanki su sani shi ne abin da kika ƙi ɗauka. Muna cikin lugude a ƙofar gidana, kyamara na aiki, ɗan Yu Sarinem, ta biyar ɗinmu, ya zo a kan babur. Bai yi ihu ba. Ya kama taɓaryar da ke hannun uwarsa, ya zare ta a hankali, ya jingine a bango, ya ce ta hau su tafi. Mace mai jikoki tara. Sarinem ta fara kuka, sai na ga kin sunkuyar da kyamarar ƙasa. A fim ɗin ƙafafunta kawai ake gani a kan turɓaya, suna tafiya. Daga baya na tambaye ki dalili, kika ce, "Mbah, an ƙwace mata taɓarya, ba zan ƙwace mata fuska ba."

Daga ranar Sarinem ba ta sake fitowa ba sai asibiti. Muka rage mu huɗu, kuma ba a barin giɓi sai ga matacce. Barin wurin Sarinem fayau daidai yake da yi mata fatan mutuwa. Na ɗauki taɓaryar na danƙa miki. Kika ce ke mai ɗauka ce, ba kya shiga cikin fim ɗinki. Na ce to ki ɗauki kayanki ki koma birni ki yi fim ɗin motoci. Bugun Sarinem shi ne mai wuya, mai tsalle tsakanin na kowa, sai Tukinah ta koma kansa, ke kuma muka ba ki na Tukinah, wanda ba ya sauyawa, wanda ake ba 'yan koyo. Shi ɗin ma, Allah Ya jiƙan ki, sai da kika fasa mini babban yatsan ƙafa kafin kika iya. Farcen bai sake fitowa daidai ba. Kullum idan ina alwala sai na tuna ki.

Ba mu kaɗai kika saurara ba. Kin zauna da Salamah, matar Wahyudi, da niƙabinta, ta ba ki labarin shekarun da ta yi a masana'antar takalma, da yadda mai kula da su yake taɓa su, da yadda ta ce ba ta san kwanciyar rai ba sai da ta rufe fuska. Kika sa maganarta gaba ɗaya, ba ki yanke ko kalma ba. Na ji wasu abokanki sun yi fushi, sun ce kin ba abokan gaba dama. Kika ce musu Salamah ba abokiyar gabar kowa ba ce, mace ce a garinku. Kin samu zagi daga gabas, kin samu daga yamma. Ni a nan na san fim ɗin gaskiya ne.

Sai ranar haskawa. An riga an aiko miki da gargaɗi, don haka muka shirya a yi shi a ɓoye, bayan la'asar, a rumfar shanya taba ta mijin Paikem, ƙofa a rufe, mu da 'ya'yanmu mata kawai. Kika rataya farin ƙyalle, kika kunna majigi. Tukinah, wadda kunnenta ya daɗe da yin ritaya, ta ce, "Bakinmu na motsi amma ba ma magana. Nduk, haka muka zama a birni?" Kika ƙara sauti. Ta ce har yanzu. Kika ƙara.

To fim ɗin da luguden kiran gayya ya fara. Bangon rumfar kuwa saƙar gora ce. Babu wadda ta yi tunani a cikinmu, muna can muna kallon kanmu muna dariyar hodar Tukinah. Mu a saninmu turmi ne ke kiran mutane, ba mu san inji ma zai iya ba. Can sai muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Paikem ta leƙa. Mata ne, daga unguwarmu da hayin rafi da ƙauyen bayan gonaki, sun biyo kunyoyin shinkafa a jere, kowacce da wuƙarta naɗe a ƙyalle, da kwandon shinkafa a baya, wata har da kaza a hammata. An daɗe ba su ji kiran ba, suka saki abin da suke yi suka taho. Wata tsohuwa ta ce, "Wa ake wa aure ba mu ji ba?" Paikem ta ce, "Mbah Ponirah ce. Angon yana hanya, ana ɗaura masa haƙora."

Ba a korar wadda ta amsa gayya. Suka shigo suka cika rumfar, suka zauna a ƙasa da wuƙaƙensu a cinya. Sun yi dariya da farko. Da aka zo kan ƙafafun Sarinem sai wurin ya yi tsit, kazar ma ta yi shiru. Na ji wata a bayana, mai niƙabi, tana jan hanci. Na dube ki a gefen majigi, fuskarki duk hawaye. Ina jin wannan ne lokacin da ya fi kowane daɗi a rayuwarki, kuma bai kai tafasar ruwan shayi ba.

Samarin sabon masallaci sun ga ayarin mata da wuƙaƙe. Suka taho a kan babura, suka ɓalle ƙofa. Mata suka miƙe a firgice, wuƙar yanka albasa a hannun kowacce, wani ya ɗauki hoto da waya. Kafin gari ya waye hoton ya zaga duniya, da rubutu a ƙasa wai matsafa sun ɗauki makami a kan addini, kuma ke kika tara su. A ranar samarin suka yaga ƙyallen, suka fasa majigin. Washegari da safe suka zo gidana da gatura. Wahyudi na cikinsu. A turmin nan aka daka garin kunun da na raine shi da shi. Ya sara yana kuka, amma ya sara.

Abin da ya biyo baya kin fi ni sani. An sa hotonki ana kiran ki kafira, ke da na sha gani kina salla a kan kunyar gona da taɓo a ƙafa. Gidajen kallo na birni suka ji tsoro suka janye. Tempen uwarki ya riƙa ruɓewa a kan tebur, waɗanda suka ci shi shekara talatin suna wucewa suna kallon gefe. Mata biyu daga cikin waɗanda suka amsa gayyar an mayar da su gidajen iyayensu. Kika zo ta bayan gari, kika durƙusa a gabana kina cewa ke kika jawo mana. Na ce, "Ke kika toshe kunnen Tukinah? Tashi ki hura mini wuta." An neme ki da fim ɗin a ƙasashen waje, kika ƙi bayarwa sai da kika bi mu gida gida kika tambaya, har Salamah. Sarinem da ba ki samu shiga wurinta ba, kika aika mai sayar da ganye ta tambayo miki. Amsar da ta dawo ita ce, ƙafafun nata ne, a nuna.

Lokacin da Tukinah ta kwanta ciwon ajali, ke kika goya ta a baya daga gida zuwa bakin titi, don mota ba ta shiga lungunsu. Ta rasu bara. Ba mu yi mata giɓi ba. Babu turmi, kuma gari ya yi zafi. Kin ji ciwon wannan fiye da yadda kika nuna.

Zuwanki na ƙarshe, magani ya kwashe miki gashi, kin rame kamar taɓarya. Kika taɓa ɗankwalinki kika ce, "Kin gani, Mbah, na rufe kai, kuma ba wanda ya sa ni." Muka zauna a bayan gidan uwarki muna kallon agwagi suna cin dusa a komi. Sai na lura komin nan rabin turmina ne. Marsiyem ta tsince shi a bola ta ɓoye shi a inda ba mai neman sa. Kika ce, "Idan na riga ki, za ku bar mini giɓi?" Na ce, "Ke mai fasa yatsun mutane? Ai kiɗan zai fi daɗi ba ke." Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Ban ce miki e ba, don ban yarda za ki riga ni ba.

An kawo ki ranar Laraba. Tsohon liman, da sandarsa, shi ya yi miki salla. Sahun gajere ne. Amma Wahyudi ya tsaya a ciki, wannan gaskiyarsa ce, ba zan danne ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Ina kallon Hafsa tana wasa, ina lissafin abin da ya rage mini a duniya, ban ga ya wuce ita ba. Na ce wa kaina matacce ba ya jin lugude, addu'a yake bukata, kuma ina yi miki ita bayan kowace salla. Na ce wa kaina ke da kanki za ki ce in bari. Sai na tuna ranar da aka zare taɓarya daga hannun Sarinem muna tsaye muna kallo, da ranar bakwai ɗin Tukinah da ta wuce shiru kamar kaza ce ta mutu. Idan na ajiye tawa da hannuna, Hafsa za ta zauna a ɗakina, amma abin da za ta koya a wurina ke nan.

Ranar bakwai uwarki ta dafa shinkafar sadaka, mutum kaɗan suka zo. Da hantsi muka kori agwagi, muka wanke rabin turmin, muka jawo shi tsakar gida. Ni da Paikem da Painah. Muka yi bismilla muka fara.

Nduk, abin bai yi ba. Mu uku ne a kiɗan mutum biyar. Ramuka biyu ne a ciki, naki da mai tsallen nan na Sarinem, kuma idan rami ya yi yawa ba a gane na wa ake nufi. Kamar tsofaffi na faskare, haka ake ji. Babu wadda ta fito. Na ji ana rufe tagogi a lungun. Painah ta ce, "Yu, mu bari, muna kunyata yarinyar nan." Na ce a ci gaba, ni na riga na biya da Hafsa.

Sai muka ji wani ƙaramin sauti daga tsallaken katanga, daga madafin gidan Sarinem. Turmin dutse ne na daka barkono. Ba a hana mace daka barkono. Amma babu barkonon da ake dakawa da tsalle haka. Ya shiga tsakanina da Paikem daidai inda ya saba shiga, ko kaɗan bai kauce ba. Kiɗan ya miƙe tsaye. Rami ɗaya ya rage, yana dawowa a kowane zagaye, fayau, kowa na jin sa. Wurinki ne, kuma kafin ke wurin Tukinah ne. Uwarki ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da zane. Muka yi ta yi har aka kira azahar, muka ajiye.

Wahyudi mutum ne mai cika magana, ni na koya masa. Washegari mota ta zo. Salamah ta durƙusa ta sumbaci hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Shi ma ya sumbata, ya ce ya bar mini buhun shinkafa da maganin ƙafa. Na ce, "Le, ka riƙa rufe ƙirjinka da sanyin safe, ka san tarinka." Hafsa na zaune a bayan mota cikin kaya, da cokali a hannu, tana buga murfin tukunya. Ban koya mata ba, kunne gare ta. Ubanta ya karɓe cokalin a hankali ya sa a aljihu. Yanzu furfurata ta samu sarari, tana ta fitowa ba mai tsincewa.

Ban rubuta wannan don ki ji nauyi ba. Kin tambaye ni a gaban agwagi ban ba ki amsa ba, ga ta nan.

Ya Allah, ga baiwarKa Kinasih ta zo gare Ka. Ka san abin da aka kira ta, Ka kuma san abin da take, mu ba mu sani ba sai alheri. Ka gafarta mata, Ka yalwata mata kabari, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka suturta ta kamar yadda ta suturta fuskar Sarinem. Ka haɗa ta da Tukinah a Aljanna, Ka buɗe wa Tukinah kunne. Ka shirya 'ya'yanmu da mu baki ɗaya, Ka sassauta zukatansu a kan iyayensu mata, Ka tsare mini Hafsa a inda take.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bu Marsiyem, wadda ta binne 'yar da ya kamata ta binne ta, da mijinta Mas Darmanto da ya yi jinyarta bai gaji ba, da abokan aikinta, da duk macen da ta ɗauko wuƙarta ta biyo kunyar gona ranar nan. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani.

Rabin turmin ya koma wurin agwagi. Paikem ta tambaye ni wa zai yi mana giɓi idan tamu ta zo. Na ce ta bari sai ta mutu sannan ta dame ni da tambaya.

Ponirah, Kedungsari.